Waken Serah a Bayan Gola

Duk wanda ya saba bin titin da ya ratsa Gomari zuwa wajen filin jirgi ya taɓa ganin Baba Ya'akubu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon tsohon nan mai hular saƙa da ke zama a kan benci a ƙofar wata makarantar firamare mai shuɗin ƙyaure, ƙararrawa a gefensa, fartanya jingine da bango. Mai gadi ake ce masa, albashin mai gadi kuma yake karɓa. Amma shi ke kaɗa ƙararrawa, shi ke ba itatuwa ruwa, shi ke zana layukan filin ƙwallo da toka, kuma in kana son sanin ajin da rufinsa ke yoyo, shi za ka tambaya, ba shugabar makaranta ba.

An haife shi a wani ƙauye a gindin duwatsun Gwoza. Bai san shekarar ba, ya dai ce ya girmi tutar Nijeriya. Ya yi aji uku a makarantar mishan kafin mahaifinsa ya rasu, gona ta kira shi. A wancan zamanin shekarar makaranta a watan Janairu take farawa, bayan an gama girbi an rufe rumbu, ta ƙare a Disamba. Yaro ya rubuta jarrabawa, ya ci naman Kirsimeti, ya shiga sabon aji tare da sabuwar shekara, da wankakken allo da sabon alli. Komai a jere yake kamar kunyoyin gona. Daga baya aka ɗauke farkon shekarar aka kai Satumba, aka dawo da shi Janairu, aka sake mayar da shi Satumba. Baba Ya'akubu ya ga duk wannan da idonsa, don haka bai taɓa ba kalandar makaranta girman da malamai ke ba ta ba. "Takarda ce," yakan ce. "Hadari ba ya karatu."

Ya zo Maiduguri yana saurayi, ya yi shekara goma sha biyu yana aikin lambu a gidan wani injiniya a GRA. A can ya koyi ja da igiya don layi ya miƙe, ya kuma koyi cewa ƙarfe bakwai ƙarfe bakwai ne, ba bakwai da kwata ba. A can kuma Mista Gerald ya same shi. Mista Gerald mutumin Ibo ne mai shagon littattafai da kayan rubutu a Kasuwar Monday. Da Allah ya buɗa masa, sai ya sayi fili a Gomari ya gina ajujuwa huɗu, ya ce yana neman mutumin da ba ya makara. Ya'akubu ya tare a ɗaki biyun da ke bayan ajujuwan, shi da matarsa Serah.

Serah ce ta zo da waken. Ranar da aka kawo ta amarya, cikin kayanta akwai wata gora mai dogon wuya, an toshe bakinta da totuwar masara. Wake ne a ciki, gauraye da toka da busasshen barkono don kada ƙwari su ci shi: ƙanana, jajaye, kowanne da ɗigon fari a cibiya. Ba irin wanda ake aunawa a kasuwa ba ne. Yana nuna a kwana sittin da biyar, yana dahuwa ba kanwa, kuma in aka dafa shi a gida ɗaya, gida uku sun san abin da ake ci. A gidan su Serah uwa ce ke ba 'yarta wannan gora ranar aure, ita ma ta ba tata. Ba a sayarwa, ba a ba bare ɗanyen iri. In za ka yi wa wani kyautarsa sai ka ɓarza shi tukuna, ya ci ya ji daɗi, amma ba zai shuka ba. Kada a tambayi dalili. Serah ma ba ta tambayi uwarta ba.

Daminarsu ta farko a Gomari, Serah ta dubi filin ƙwallo da ciyawa ta rufe a dogon hutu, ta ce wannan asara ce. Ya'akubu ya kai wa Mista Gerald maganar, shi kuma ya amsa da Hausarsa ta kasuwa: "Daga ranar da aka kulle ƙwallo a kabad har ranar da ka kaɗa ƙararrawa, fili naka ne. Amma in dawo in gan shi kamar tafin hannu." Ba a rubuta ba, ba a kira shaida ba.

Kwanakin kuwa suka zo daidai kamar tela ya auna. A makon farko na Yuli ake manna jadawalin jarrabawar ƙarshen shekara, a ranar kuma ake kulle ƙwallo. Mako biyu na jarrabawa, mako takwas na dogon hutu, mako goma ke nan, kwana saba'in. Wake ya ɗauki sittin da biyar, sauran biyar na roro da tuge harawa da daidaita ƙasa. Tsakiyar Satumba yara su dawo su tarar da fili a share, layukan toka fari fat, harawa tana bushewa a kan rufin ɗakin mai gadi. Haka aka yi shekara ashirin da takwas.

A cikin shekarun nan abubuwa da yawa sun wuce. Ya'akubu da Serah sun haifi 'ya'ya uku, duk maza, kowa ya kama gabansa, ɗaya a Yola, biyu a Abuja, a gidajen hayar da siminti ya kai har bakin ƙofa. Mista Gerald ya rasu, 'yarsa Ginika ta karɓi makarantar ta kai ta aji goma sha biyu. Rikici ya zo ya watsa ƙauyen su Serah baki ɗaya. Ya'akubu ya bi sansanonin da aka zuba mutanen yana tambaya ko wani ya fito da jan wake. Waɗanda suka fito da shi sun dafa a hanya. Bayan shekara biyu Serah ta kwanta kwanciyar da ba ta tashi ba. Abin da ta faɗa game da gorar kaɗan ne: "Rabi a ƙasa, rabi a gora. Kada ka bar shi ya daɗe a ciki, iri ba ya son hutu." Tun daga nan, in akwai wani wuri a duniya da wannan wake ya saura, Ya'akubu bai san shi ba.

A Satumbar da ambaliya ta ci gari, ruwan bai kai layin makarantar ba. Madam Ginika ta sa aka buɗe ƙyaure, mutane suka kwararo da tabarmi da tukwane a ka. Ajujuwa suka cika, sauran suka yi shimfiɗa a bakin fili. Waken ya cika ido amma bai bushe ba, saura 'yan kwanaki. Wata mata da goyo ta tsaya a bakin gonar tana kallo. Ya'akubu ya ce, "Ku tsinka." Kafin la'asar ta biyu ko ganye bai saura ba. Bai taɓa yin da-na-sani a kan wannan ba, in ma aka tayar da maganar sai ya sauya zance. Sai dai abin da ya rage masa shi ne rabin da ke cikin gora, wanda ya riga ya tsallake damina ɗaya. Iri mai shekara biyu a zafin Maiduguri yakan tsiro, amma ba duka ba. Mai shekara uku kuwa sai dai tukunya. Damina mai zuwa ke nan, ko a shuka ko a rasa.

Shekarar da ta biyo, bazara ta zo da wuri. Tun ƙarfe goma kwanon rufi ke hura wa yara wuta a ka, fanka kuwa sai kallo, don lantarki ba ya zuwa. A mako guda yara uku suka faɗi a aji. Ta ukun, wata 'yar aji biyu, Ya'akubu ne da kansa ya ɗauke ta ya kai ƙarƙashin dalbejiya, yana yayyafa mata ruwan randa har ta buɗe ido. Madam Ginika ta kira taron iyaye da malamai. Aka yi ta kai-kawo har aka tsaya a kan magana ɗaya: hutun Afrilu zai tashi daga mako biyu zuwa shida don a tsallake tsananin zafi, a cire makonni huɗun nan daga dogon hutu. Za a rufe makaranta a tsakiyar Agusta maimakon Yuli, a dawo tsakiyar Satumba kamar kullum. Wani uba ya miƙe ya ce dama dogon hutu ba ya ƙara wa yaro komai sai mantuwa da yawon unguwa. Aka tafa.

Ya'akubu yana bakin ƙofa, ƙararrawa a hannu. Shi ma ya ga gaskiyar abin, don nauyin yarinyar nan bai gama barin hannunsa ba. Sai da ya koma bencinsa sannan ya shiga lanƙwasa yatsu. Jarrabawa ta koma makon farko na Agusta. Biyu da huɗu, shida. Kwana arba'in da biyu. A kwana arba'in da biyu wake fure yake yi. Ya sake ƙirgawa daga ɗan ƙaramin yatsa zuwa babba, arba'in da biyu dai ya fito. Yau takarda ta sha gaban hadari. Gona a bayan gari kuwa, a wannan zamani ba wurin da tsoho zai je shi kaɗai da fartanya ba ne.

Ya Kaltum ce ta fara lura da shi. Babarbariya ce da ke suyar ƙosai a ƙofar makarantar tun zamanin Mista Gerald. Kowace kaka Ya'akubu kan kai mata mudu biyu na ɓarzajjen wake, ita kuma ƙosan farko na kowace safiya nasa ne.

"Wushe, sannu, Ba Ya'akubu. Yau kwana uku kana ƙirga yatsu. Ɗaya ya ɓace ne?"

"Suna nan, Ya Kaltum. Kwanaki ne suka ɓace."

Ya gaya mata komai. Ta juya ƙosanta a mai, ta tsame, sannan ta ce, "To ka shiga ka gaya wa yarinyar nan mana. Ba a gabanka ta girma ba?"

"In ce mata me? A mayar da yara cikin wuta saboda wake? Ko a hana su ƙwallo wata guda? Fili nasu ne. Aro aka ba ni, wanda ya ba ni aron kuma yana ƙasa."

"To ba ni kaɗan in shuka maka a bayan gidana."

"Ɗanye?"

"A'a, soyayye. Ɗanye mana!"

"Kin san ba a bayarwa."

"Shekara talatin kana kawo mini wake da karyayyen baya kamar ɓarawon da aka kama a kasuwa. Wallahi duwatsun garinku sun fi ka jin magana. Ungo ƙosanka."

Dabarar ta zo masa ne wata Asabar da safe a ƙarshen Mayu, yana zana layi. Turakun golar makarantar ba na ƙarfe ba ne, itacen dalbejiya ne da shi ya sare ya kafa. Tsakanin golar gabas da katanga taku biyu ne kacal. Ya tsaya ya auna da ido. Da a ce taku takwas ne, ga faɗin fili taku arba'in, ai gona ce. Ƙarama, amma ta isa a fitar da iri.

Ya tuge turakun biyu, ya matso da su taku ɗaya cikin fili, ya kafa ya danne. Ya share tsohon layi, ya ja igiya ya zana sabo. Da yake ba ya son a cuci kowa, sai ya matsar da layin tsakiya rabin taku, don kada wani ɓangare ya fi wani. Ranar Litinin yara suka buga ƙwallonsu, ba wanda ya ce uffan. Asabar ta gaba ya ƙara taku ɗaya. Haka ya yi har Asabar shida. Niyyarsa in ruwa ya zauna ya shuka bayan gola, wurin da ba na wasa ba, wanda ba mai tambayar yadda aka yi ya yi faɗi.

Da ya tsaya a nan, wataƙila da ba wanda ya kama shi. Amma duk lokacin da ya tuge turke ya cike ramin da ƙasa, sai hannunsa ya ƙi wucewa. Mutumin da ya yi shekara sittin bai taɓa rufe rami ba iri a ciki ba, ba ranar Asabar ɗaya zai koya ba. Sai ya laluba aljihu ya danna ƙwaya biyu a kan kowane rami, yana gaya wa kansa binne ne, gwaji ne kawai, a ga ko irin yana da sauran rai. Rami goma sha biyu, ƙwaya ashirin da huɗu.

Ruwan farko ya sauka wata Laraba da la'asar a farkon Yuli. Ya'akubu bai shuka ba, don ba a yarda da ruwan farko sai na biyu ya ba shi shaida. Amma abin da ke ƙasa bai jira shaida ba.

Malam Mikail, malamin wasanni, saurayi ne mai usur a wuya da yarda da kansa. Tun tsakiyar Yuni yake cikin farin ciki. 'Yan aji huɗu da ba su taɓa kai ƙwallo raga daga nesa ba sun fara ci, wasan da ake tashi biyu da ɗaya ya koma bakwai da biyar. Har ya gaya wa Madam sabon atisayen da ya kawo ne ke aiki. Ranar Litinin ƙwallo ta faɗa bayan golar gabas, ya bi ta da kansa, sai ya tsaya cak. Ga layi biyu na 'yan tsirrai, miƙaƙƙu kamar an ja da igiya, daga gindin kowane turke har wajen katanga, taku ɗaya tsakanin tsiro da tsiro. Tsakanin layin biyu kuwa faɗin gola ne daidai. Ya taka ya ƙirga. Ya dubi golar yamma, ya dubi layin tsakiya.

"Baba Ya'akubu! Zo ka ga ikon Allah!"

Tsohon ya zo a hankali.

"Baba, golar nan tafiya take yi ashe? Ga sawunta."

Ya'akubu ya sunkuya yana duban tsirran.

"Ni ina can ofis ina yabon kaina, ashe kai ne kocin! Haba Baba! Ka bar ni na sa aka rubuta sunana a allon sanarwa?"

Yara suka kewaye su suna dariya. Shi kuwa Ya'akubu ba ya jinsu. Ya durƙusa yana taɓa tsirran ɗaya bayan ɗaya. Goma sha biyar. Cikin ashirin da huɗu, goma sha biyar. Tara sun riga sun mutu a cikin gora ba wanda ya sani.

Madam Ginika ta sa aka kira shi ofis. Mace ce mai shekara talatin da 'yan kai, haifaffiyar Maiduguri, Hausa a bakinta kamar ruwa. Ta sallami Malam Mikail, ta rufe ƙofa, ta janyo wa tsohon kujera.

"Baba, taku nawa?"

"Shida, Madam."

"Bar Madam ɗin nan, ba kowa. Taku shida ka ci mini a fili, har da layin tsakiya ka matsar."

"Don kada a cuci kowa."

Ta so ta danne dariya, ta kasa. Da ta gama ta share ido ta ce, "Me ya hana ka faɗa mini?"

Ya zayyana mata: maganar mahaifinta, kwana saba'in, kwana arba'in da biyu, gorar da ta tsallake damina, goma sha biyar cikin ashirin da huɗu. Ta saurara har ya kai aya.

"Kalanda ba za ta koma ba, Baba. Ba zan sake ganin ɗan mutane a ƙasa ba."

"Ban roƙa ba. Ni na ɗauki yarinyar."

"Fili kuma sai ya koma yadda yake. A Oktoba muna da gasa da wasu makarantu, da awonsu za su zo. Na bar maka bayan gola wannan daminar kaɗai, kuma ka san ƙwallo za ta ci rabinsa. Amma ina da fili a bayan gidana a Jiddari Polo, ba abin da ke ciki sai ciyawa da mataccen injin mijina. Kawo irin a shuka a can, bana da baɗi da kowace shekara."

Ya'akubu ya sunkuyar da kai. "Ginika, kin san ƙa'idar. Uwa ke ba 'ya. Mu kuwa Allah bai ba mu mace ba."

Ta gyara zama. Sannan ta ce, "Lokacin da mamana ke wuni a shago, wa ke yi mini wanka a bahon ƙarfe a bayan aji ɗaya? Wa ta yi mini kitson farko, na yi ta ihu har Papa ya fito da sanda yana neman wanda ke dukana? Wa ta koya mini Hausar da nake yi maka faɗa da ita yanzu?"

"Serah."

"Ranar aurena ta kawo mini tukunya da tabarma. Na ga ta shigo da gora a ƙarƙashin zane, na kuma ga ta fita da ita. Na ɗauka mantuwa ce."

Abin ya dawo masa kamar jiya aka yi. Ranar nan Serah ta dawo daga gidan biki ta rataye gorar a ƙusarta, ta zauna a bakin gado. Da ya tambaye ta inda ta kai gora, ta ce, "Kunya na ji. Danginta sun cika ɗaki da akwatuna da injin ɗinki. Me za ta yi da gorar toka?" Shi kuma ya ce gaskiya ne, ya ci gaba da wasa fartanyarsa. Shekara goma sha biyu ke nan bai sake tuna maganar ba.

Ya faɗa wa Ginika. Ta juya ta dubi taga na ɗan lokaci.

"Ni dai ban ce ba na so ba," ta ce. "Ba a tambaye ni ba. Gidanku ba ku iya tambaya ba, daga kai har ita. Gara ku tuge gola."

Ya tashi. Ya je ɗakinsa ya sauke gorar daga ƙusa, ya goge ta da gefen rigarsa, ya ratso tsakar makaranta riƙe da ita da hannu biyu, yadda ya ga matan ƙauyensu na yi. Ya Kaltum ta hango shi ta ƙyaure. Ta ajiye matsami, ta rangaɗa guɗa har 'yan aji ɗaya suka leƙo ta taga.

Ruwa na biyu ya zo bayan kwana uku. Aka raba irin, kashi ɗaya a bayan gola, kashi biyu a Jiddari Polo. Abu na farko da Ginika ta yi da gadonta shi ne ta ɗebi cikin tafi ɗaya, ɗanye, ta zuba wa Ya Kaltum a gefen zane. Ya'akubu ya buɗe baki. Ta ce, "Nawa ne ko ba nawa ba?" Ya rufe.

Ya kewaye bayan gola da karyayyun bencina. Ƙwallo ta yi ɓarnar da aka ce za ta yi, ko da yake yaran sun kafa wa kansu doka cewa duk wanda ya buga ta faɗa cikin wake, fenareti ne a kan ɓangarensa. A shekara ashirin da takwas ba ɗalibin da ya taɓa ganin wannan wake a tsaye, sai bana. Kowace Asabar kuma tsohon ya hau Keke Napep zuwa Jiddari Polo da fartanyarsa, ya yi noma, ya yi wa Ginika faɗa a kan yawan ban ruwa, ya ci shinkafa ya dawo.

A ƙarshen Satumba aka yi roro. Bayan gola ya ba da mudu ɗaya da rabi. Jiddari Polo ta ba da mudu biyar. Na Ya Kaltum awakinta suka cinye tun yana fure, kuma har yau mai son ƙosai ba ya tayar mata da maganar. Ba a ci ko ƙwaya ɗaya ba a wannan shekarar. Ya'akubu ya nuna wa Ginika yawan tokar da ake sawa da yadda ake dandaƙa barkono, ita ta cika gorar da hannunta, ta rataye ta a ɗakin girkinta.

Asabar ta farko a Oktoba ya mayar da turakun, taku shida a tashi ɗaya, da rana tsaka, Malam Mikail yana tsaye a kansa da abin awo. Ya kafa su a inda suke tun farko, ya ja igiya, ya mayar da layin tsakiya taku uku. Sannan ya dawo kan ramuka biyun da suka rage ya cike su da ƙasa. Yana sunkuye, hannunsa ya tafi aljihu ya fito a dunƙule.

"Baba," in ji Malam Mikail. "Buɗe hannunka."

Ya buɗe. Ƙwaya biyu, jajaye, kowacce da ɗigon fari.

"Maƙalewa suka yi a ɗinkin aljihu."

"Ruwa ya ɗauke, Baba. Ko ka sa ba za su fito ba."

"Na sani, Malam."

Ya daɗe yana duban ramin. Sannan ya miƙe, ya danne ƙasar da diddige, ya mayar da ƙwayoyin aljihu ya rufe da maɓalli.

"Zan kai wa mai su," ya ce.